Alhazan da ke Jikin Bangona

Shekaru sun soma kwashe min kaya. Yau in kira jika da sunan uwarta, gobe in tayar da gida ina neman carbi yana rataye a wuyana. Amma akwai wata Alhamis da na tabbata ko kaina ya zama fanko ita za ta rage a ciki, wato ranar da wata tsohuwar Baturiya ta shigo ɗakina a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, ta tsaya gaban bangona ta dafe ƙirji. Ni da unguwa ta shaida bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus a gaban mata sun fi goma, kuma ni da ƙafata na bi gida gida na gayyato su.

Bari in faro daga tushe. Ban taɓa zama a aji ba, na boko ko na Larabawa. Ban da abin da zan yi salla da shi, in aka rubuta sunana da girman raƙumi sai in wuce ban gaishe shi ba. Amma in dai labari ne, a je a tambaya. Ina da kamar shekara tara iyayena suka ɗauko ni daga ƙasar Hausa, muka ratso Chadi da Sudan, a yi noma nan, a yi dako can, har muka iso Sawakin, muka shiga jirgin ruwa na katako muka ƙetaro Jidda. Wannan ƙetarowar ita ce jarina. Waɗanda jirgin sama ya kawo ba su da abin faɗi sai dai kunnensu ya toshe, an ba su biskit. Ni kuwa teku na ratso, kuma ba na barin kowa ya manta.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, dako ya yi a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ja baya, sannan ya koma bin motar kwasar kayan gida. Wata rana suka kwashe gidan wani Ba'amurke da ya gama aiki zai koma ƙasarsu, aka bar tarkace aka ce kowa ya ɗauki abin da ya ga dama. Abokan aikinsa masu hankali suka ɗauki fanka da kujeru. Nawa mijin sai ga shi da takarda cikin gilashi a hammata.

"Ga teku na kawo miki," in ji shi, "tunda kullum zancensa kike."

Taswira ce tsohuwa, girmanta kamar dardumar sallar yara, farinta ya koma kalar madarar da ta kwana. Amma ba irin taswirar makaranta ba ce mai layi da ɗigo. Wannan cike take da mutane da dabbobi, an zana su ƙanana ƙanana da fenti mai haske. Ga ƙasa ta hagu, ga wata doguwar ƙasa siririya ta dama, ga ruwa shuɗi a tsakani da jirage masu farin ƙyalle. Ina ɗora ido a kai na ce ai na gane. Ta hagu Sawakin, ta dama Jidda. Abin da ya ƙara tabbatar min shi ne mutanen da ke kan rairayi a ɓangaren dama: maza ne kafaɗa a waje, kai ba hula, da yawansu ɗaure da farin tawul a ƙugu, suna kwance warwatse ƙarƙashin laima. Duk wanda ya taɓa ganin maniyyata sun sauka daga jirgi cikin harami, gajiya ta kayar da su, ai ba ya bukatar malami ya karanta masa. Ga doguwar hasumiya mai ratsin ja da fari, na ce ta masallaci ce. Ga motoci a kan jan layi da kaya ɗaure a sama, na ce motocin Makka. A kusurwa kuma ga tauraro mai tsini huɗu, na ce Bature ma ya san alƙibla. Rubutun Turancin da ya cika takardar bai dame ni ba, tunda a wancan zamanin Turawa ne ke riƙe da harkar jirage.

Abu ɗaya ya ɓata min rai, matan. Bature ya zana su daga ɗan ƙyalle nan sai ɗan ƙyalle can. Na yi tunani na gano dalili: ruwan teku ya jiƙa musu kaya sun shanya, shi kuma marar kunya ya laɓe yana zana su. Na ce ba a ɗakina ba. Na aika gidan malamin unguwa aka aro min tawada da alƙalamin kara, na cire gilashin, na zauna na yi wa kowace baiwar Allah sutura daga kai har idon sawu. Su goma sha bakwai ne. Har 'yar ruwan da ke zaune kan dutse tana taje gashi sai da na yafa mata mayafi, wutsiyar kifin kawai na bar mata.

Daga nan taswira ta hau bango, ni kuma na samu allo. Duk Alhamis bayan la'asar matan unguwa suna taruwa a ɗakina, a sha shayi, a ɓare gyaɗa, in ɗauki muciya in miƙe ina nunawa. Nan muka shiga jirgi, nan iska ta juya mu, nan muka sauka. To a nan fa dole in faɗi laifina, tunda na tsufa da kare kai. Abin da ke cikin takardar nan ya riƙa tsiyayowa cikin labarina kamar rufin da ke yoyo. Akwai wani ƙaton kifi da aka zana yana feso ruwa ta ka. Shekarar farko na ce mun hango shi. Shekara ta uku ya bugi jirginmu. Kafin maigidana ya rasu, kifin nan har ya haɗiye akuyar wani Babarbare. Jan ƙwaron nan mai ƙahonni biyu ya zama kunamar ruwa da ta harbi matuƙinmu. Ƙatuwar da'irar da ke bakin ruwa mai kujeru a jiki ta zama injin sauke kaya. Kuma wallahi ban ji ina ƙarya ba. In na rufe ido ina ganinsu.

Kowa yana saurare ban da mutum ɗaya, aminiyata, wadda ƙofarta ke kallon tawa. Umra ta zo ta maƙale, ta yi shekaru tana aikatau a gidajen Turawa kafin ƙafa ta hana ta. Mun fi shekara talatin tare, kuma ban taɓa cewa fari ta yarda ba tare da ta ɗaga shi ta duba ƙasansa ba.

"Hajiya," sai ta ce, tana kurɓar shayi, "wannan alhajin me yake lasa a hannunsa?"

"Man shanu ne, na tsagewar leɓe."

"Oho. Wancan kuma da ke wurga wa yaro abu mai zagaye?"

"Ƙwarya ce. Ruwa za a ɗebo."

"Ikon Allah. Alhazan da akwai nishaɗi."

"Wanda aka ɗauko a sama kamar wasiƙa ina zai san sha'anin teku?" in ji ni, mata su kwashe da dariya, a wuce wurin.

'Ya'yana kuwa, waɗanda suka yi karatu, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Babban in na ɗauki muciya sai ya tuna yana da uzuri a waje. Jikata ta farko, wadda ta zama nas a wani asibiti, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na ɗauka ladabi ne, har ina yabon tarbiyyata.

Ita jikar tawa ce ta jawo abin ba da niyya ba. Tana aiki da wata likita Ba'amurkiya, uwar likitar ta zo ganin 'yarta, tsohuwa ce sa'ata, ta gaji da zaman gida da abincin otal, ta ce tana son ganin yadda mutanen gari ke zaune. Jikata ta ce za ta kawo ta ta ci masa. Sai dai tun ana saura kwana uku yarinyar nan ta soma zagaye-zagaye.

"Sitti," haka take kirana da Larabcinsu na 'yan nan, "a sauke ta a falon Baba mana, ya fi sanyi."

"Baƙuwata ce, ɗakina za ta shiga."

"Tayyib. To bari in sauke taswirar in goge mata ƙura."

"Jiya na goge."

Labari ya kai kunnen aminiyata, ta tako da sandarta har ƙofa. "Na ji mai takarda za ta zo. To alhamdu lillahi, yau za a karanta mana rubutun nan da ya yi shekara ashirin yana kallonmu."

Da na yi shiru a nan da ban ga abin da na gani ba. Amma akwai mata huɗu a tsakar gida, kuma kowace ta juyo. Na ce, "Ki zo, ki gayyato duk wadda kike so, ni ma zan gayyato. In Baturiyar nan ta ce ba Sawakin da Jidda ba ne, na rufe bakina, kada wadda ta sake jin labari daga gare ni a unguwar nan." Na faɗa na maimaita, don kada a ce ba a ji ba. Tsohuwa mai girman kai ba ta bukatar maƙiyi, ita ke haƙa wa kanta rami har ta share bakinsa.

Ranar ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Baturiya ta iso, doguwa ƙwarai, gashi fari fat, an sa mata abayar aro da ta tsaya mata a ƙwauri. Mace ce mai fara'a. Ta zauna kan kafet da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara irin nawa, ta ci masa uku, yaji ya sa ta hawaye, ta ce a ƙara. Na bari sai da aka kawo shayi, sannan na miƙe, na gyara mayafi, na ɗauki muciya na ƙwanƙwasa gilashin.

Ta ɗaga kai. Ta laluba jaka ta ɗauko tabarau. Sai ta miƙe ba tare da kowa ya kama ta ba, ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin, ta dafe ƙirji. Can sai magana ta ɓalle mata kamar an fasa tulu. Tana dariya, hawaye na zuba, yatsanta na yawo a kan takardar.

"Me ta ce?" na tambayi jikata.

"Ta ce... ya'ani... ta san wurin."

"Wane wuri?"

"Sawakin, Sitti."

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Na juya na yi wa aminiyata kallon da na yi shekara ashirin ina tanadi. Baturiya ba ta san abin da ake ciki ba, ta ci gaba. Ta nuna ruwa, ta shiga wurga hannuwa gaba ɗaya bayan ɗaya tana kumbura kumatu.

"Ta ce haka waɗanda suka faɗa ruwa suka riƙa yi," in ji jikata.

Ta nuna alhajin man shanu, ta dunƙule hannu ta shiga lasar iska tana lumshe ido.

"Ta ce, ya'ani, yunwa. Yunwa marra, har ana lasar hannu."

Ta nuna injin sauke kaya, ta zana da'ira da hannu, ta kama cikinta ta yi 'yar ƙara irin ta yarinyar da aka cilla sama, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ta ce injin yana da ban tsoro. Halas, Sitti, shayi zai huce."

To ni ban san Turanci ba, amma sana'ata kallon fuskar mai magana. Na ga abu uku. Baturiya tana zuba zance mai tsawon zani, jikata tana miƙo min ɗan ƙyalle. Na biyu, yarinyar nan tun tana ƙarama in za ta yi ƙarya Hausarta guduwa take ta bar ta da Larabci. Na uku shi ya fi duka: fuskar matar nan. Fuskar wadda ta tuna daɗi ce. Babu mahalukin da ya ratsa tekun da na ratsa zai tuna shi da irin wannan fuska.

Na ci nasara fa a lokacin. Mata sun riga sun shaida, Baturiya za ta koma ƙasarsu, ba mai sake tayar da zance. Sai na dubi aminiyata ina jiran ta yi gardama kamar kullum. Ba ta yi ba. Ta sa ido cikin kofinta, ta ce a hankali, "To, Hajiya ta yi gaskiya." Wannan maganar ta fi mari zafi. Shekara talatin matar nan ba ta taɓa bar min ko ƙwayar gyaɗa kyauta ba, yau ta bar min gona guda. Nan na gane tausayina ake ji, kuma ni ban ratso Sudan a ƙafa don a ji tausayina a ɗakina ba.

Na ajiye muciya. Na ce, "Ke, dube ni. Mayar min da zancen matar nan yadda ta faɗe shi, da Hausa, kada ki rage ko gishirinsa."

"Sitti..."

"Na ce da Hausa."

Sai ta faɗa. Ba Sawakin ba ce, ba Jidda ba ce, ba ma tekunmu ba ne. Wani garin shaƙatawa ne a bakin teku can Amurka, sunansa ya fi ƙarfin harshena. Lokacin da Baturiyar nan take yarinya, duk shekara in zafi ya zo aka ba ubanta hutu, sai ya loda su a mota, ita da uwarta da ƙannenta, a ɗaure akwatuna a sama, a yi yini biyu ana tafiya. Irin wannan taswirar kyauta ake bayarwa a gidajen mai da masaukai don a jawo baƙi, kuma ita ce mai riƙe ta a cinya tana nuna wa uban hanya, duk da ya fi ta sani. Hasumiyar masallacina fitila ce ta nuna wa jirage hanya. Injin sauke kaya lilo ne da ake biya a hau don a ji tsoro. Man shanu askirim ne. Kunamar ruwa kuwa dafa ta suke su ci, har an zana ta ne don a nuna inda ake sayarwa. Ta nuna wata doguwar hanyar katako a bakin ruwa, ta ce nan ake yawo da yamma ana cin wata alewa mai kama haƙori, nan ne ma haƙorinta na gaba ya fita.

"Alhazan fa?" na tambaya, duk da na riga na san ba alheri.

"Ba alhazai ba ne, Sitti. Wanka suka yi a teku, suka kwanta rana ta gasa su."

"Ta gasa su? Laifin me suka yi?"

"Ba laifi. So suke fatarsu ta yi duhu. Shi ne ado."

Wata daga bakin ƙofa ta ce, "La ilaha illallahu! Mu muna gudun rana, su suna tafiyar yini biyu su same ta?" Ɗaki ya fashe. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba.

A nan Baturiya ta ƙara matsawa, ta goge tabarau, ta tsaya kan baƙaƙen matan nan goma sha bakwai. Ta yi tambaya. Jikata ta rufe fuska da tafin hannu ta ba ta amsa. Matar nan ta dube ni, ta dubi 'yar ruwa da mayafinta, sai ta sulale ta zauna a ƙasa tana dariya har tana tari, sai da aka ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ce a gaya min kakarta ta wajen uba, wadda ba ta taɓa yarda ta cire safa a bakin ruwan nan ba, da ta ga wannan aikin da ta rungume ni.

Kunya ta sa na nemi abin faɗi, sai na jefa tambayar da ta daɗe a raina. Na ce a tambaye ta me ya sa duk cikin takardar babu baƙin mutum ko ɗaya, domin ni da cewa nake Turkawa ne da mutanen Sham. Dariyarta ta tsaya. Ta ce a wancan zamanin ba a barin baƙaƙe su shiga wannan bakin ruwan, nasu daban ne can nesa, kuma ba a sa shi a taswira. Ta ce tana yarinya ba ta taɓa tambayar dalili ba, sai da ta girma abin ya riƙa damunta.

Na ce, "To gaya mata shekara ashirin ina shiga ina fita da muciyata, ba wanda ya tare ni. Har matansu na yi wa sutura." Ta kama hannuna ta riƙe.

Amma magana tana nan, kuma ni na yi ta. Na juya wajen mata na ce, "Kun ji da kunnenku. Abin da na faɗa na faɗa. Daga yau a nemi wani ɗakin."

Aminiyata ta ajiye kofi. "Zauna, Hajiya, kin tsaya mana a ka kamar mai wa'azi. Ni fa tun ranar da kika rataya takardar nan na san ko mene ne. Irin ɗan ƙyallen da kika rufe da tawada, na wanke shi na shanya ya fi a ƙirga."

"Kin sani? Shekara ashirin?"

"Har da 'ya'yanki. Har da waccan da ke ɓoye fuska. Rabin ɗakin nan 'ya'yansu sun gaya musu."

Na bi fuskoki da kallo. Kowace ta samu abin dubawa a cikin shayinta.

"To me ya hana ki faɗa, ke da ba a rufe miki baki?"

"Na yi ta ɗaga miki ƙafa ki gani da kanki, kika ce man shanu. Yanzu amsa min. Kifin da ya haɗiye akuya?"

Na ce, "Na takarda ne."

"'Yar ruwa?"

"Ita ma."

"Ƙetarowar fa?"

Na ɗago kai. Na ce, "Wannan kuwa Allah ne shaida."

"To shi muke jira. Kullum kika kai tsakiyar teku sai kifi ya fito ya tare hanya. Ba mu na gaskiyar mu ji, ga baƙuwa ma ta ba da nata."

Ban san lokacin da na zauna ba, na ba bango baya. Ba muciya, ba abin nunawa. Na gaya musu jirgin bai kai ɗakin nan biyu ba, kuma mun fi hamsin a ciki, gwiwa na gugar gwiwa. Na gaya musu iska ta ɗauke kwana biyu, jirgi ya tsaya cik, rana ta tsaya a kanmu, ruwan sha ya koma rabin murfin buta ga kowa. Na gaya musu yadda uwata ta sa min ƙwallon dabino a baki ta ce in yi ta tsotsa kada in haɗiye, ta riƙa ba ni rabonta tana cewa ita ta sha, leɓenta duk a tsage. Na gaya musu tsohon da ke jingine da ubana, wanda ya yi shekara bakwai a hanya, ya cika ana hango duwatsun wannan ƙasa, aka yi masa salla a zaune domin babu wurin tsayuwa. Da muka iso ba tasha aka kai mu ba, nesa da gari aka ce mu sauka, ruwa har ƙirjin manya, uwata ta goya ni kamar jaririya, ina jin ƙafarta na rawa a kan duwatsun ruwa. Ban taɓa faɗin waɗannan ba. Ashe kifin nan ba don mata na ƙirƙiro shi ba, don kaina ne, ya tare ni kafin in kai wurin.

Ba wadda ta ɓare gyaɗa har na gama. Jikata tana mayarwa da Turanci, wannan karon zance ya yi tsawon zance. Baturiya ta tambayi shekaruna a lokacin. Da aka gaya mata ta ƙirga a yatsu, ta ce ashe kusan lokaci ɗaya ne, ita tana kuka alewa ta cire mata haƙori, ni ina tsotsar ƙwallon dabino.

Da za ta tafi ta nemi izinin ɗaukar hoton taswirar a waya. Ta ce garin ya canza, an rushe masaukan an gina dogayen benaye, guguwa ta cinye hanyar katakon, lilon ma babu. Na ce wa jikata ta sauke ta daga bango. Yarinyar ta ce, "Sitti, kyautar marigayi Kaka ce fa." Na ce na sani. Tekuna yana nan, in na so ganinsa mota ɗaya zan hau. Nata kuwa ba ya ko'ina sai a takardar nan. Baturiya ta ƙi, na ce a gaya mata a wajenmu ba a mayar da hannun kyauta. Ta rungume ta ta fita, da matanta goma sha bakwai cikin suturarsu.

Alhamis ta gaba ɗakina ya fi na kullum cika, kuma har yau ana zuwa, sai dai aminiyata ta samu sabon makami. Da na ɗan ƙara wa zance gishiri sai ta ce, "Hajiya, wannan na teku ne ko na takarda?"

Abin da ranar ta koya min shi ne, gaskiyar da mutum ya sha wahalarta ba ta bukatar shaidar aro, kuma wanda ya yi mata ado da kayan wani, ran da mai kaya ya zo har ita za a yi wa kallon ƙarya. Na kuma koyi cewa ba duk shiru ne yarda ba. Yanzu in ina magana na ga kowa ya yi tsit yana gyaɗa kai, ba na saurin cewa na burge. Nakan tsaya in duba ko lallaɓa ni ake yi.